Ƙirgen Cikin Ƙwai

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne!"

Dakta ta buga hannu a kan teburin kwamitin jami'a har ruwan kofin Farfesa ya fantsalo.

Mataimakin shugaban sashe ya gyara zama yana murmushi. Shi ya shigar da ƙarar cewa Dakta ta yi maguɗi a bincikenta, wata biyu bayan ta ce masa ba za ta aure shi ba.

"Ranki ya daɗe, kowa ya san soyayya suke yi," ya ce wa Farfesa. "Ita ta yi lissafi, saurayinta ya ƙirga, amsa ta zo daidai. Haba!"

Shekara shida ta ƙarar a kan wannan aiki. Malamar lissafi ce, amma ɗan tayi ne ya ɗauke mata hankali: yadda ɗan tsako tun yana cikin ƙwai yake jera wasu 'yan ƙullaye biyu-biyu, waɗanda daga baya za su zama ƙashin bayansa. Ta gina lissafin da ke faɗin ƙulli nawa za a samu a kowane gefe, idan an ƙara zafi ko an rage. Dogo kuwa, saurayin nata, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, shi ke kula da injin ɗumama ƙwai, shi ke ƙirgawa a madubin ƙara girma.

Dakta ta dubi Farfesa.

"A kawo sababbin ƙwai, a ba wanda kuka ga dama. Zan rubuta amsata a ambulan, ki kulle a ofishinki. In na kuskure, na ajiye aiki."

Farfesa, tsohuwa mai furfura, ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau.

"Kin ji abin da kika faɗa, 'yata?"

"Na ji."

A bakin matakala ta tarar da Dogo, da takarda a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Murabus zan yi, Malamata. In na tafi za su ƙyale ki..."

Ta fizge takardar ta yaga gida huɗu.

"Kai ma ka yarda mun yi maguɗi ke nan?"

"Subhanallahi! Ni da na ƙirga da idona?"

"To ka tsaya kusa da ni, abin ƙaunata. Ba na son tausayi, tsayuwarka nake so."

Idonsa ya kawo ruwa, ya gyaɗa kai.

A gida ma babu sauƙi. Baba, tsohon direban bas, ya jefar da carbinsa a kan tabarma.

"Digiri uku! Digiri uku, ki ƙare a hannun mai gadin ƙwai? Ga shi ya jawo miki abin kunya!"

"Baba, ka zo ranar ƙirgen kawai. In na ji kunya, na rabu da shi."

Ta faɗa da ƙarfi, amma da ta shiga ɗaki sai da ta sake bin lissafinta daga farko.

Ranar ƙirge ɗakin gwaji ya cika. Wata malama daga wani sashen ce ta kula da ƙwan, kashi uku, kowanne da zafinsa. An hana Dogo wuce bakin ƙofa. Baba na zaune a gefe, ya ɗaure fuska.

Farfesa ta farke ambulan.

"Masu ƙarancin zafi, ta ce tara."

Malamar ta duba takardarta. "Tara."

"Masu zafi daidai, sha uku."

"Sha uku."

"Masu zafi sosai..." Farfesa ta yamutsa fuska. "Ta ce sha ɗaya, kuma na ƙarshen za su karkace."

Mataimaki ya fashe da dariya.

"Zafi ya ƙaru, ƙirge ya ragu? Ko ɗalibin ajin farko ya san ba haka ba ne!"

Dakta ta ƙura wa malamar ido. Wannan kashin babu wanda ya taɓa gwada mata shi, lissafinta kaɗai ta dogara da shi.

Malamar ta sake leƙa madubi, ta ƙirga a hankali, ta ɗago.

"Sha ɗaya. Ku zo ku ga karkacewar da kanku."

"Allahu Akbar!"

Muryar Baba ce. Ya miƙe hularsa na neman faɗuwa.

"'Yata ce! Ni na haife ta! Tun ba a fasa ƙwai ba ta san abin da ke ciki!"

Farfesa ta juya wajen Mataimaki. "Kai kuma ka same ni a ofis."

Baba ya matsa wajen madubin ya tsaya yana ta lalube, bai ga komai ba. Dogo ya tako a hankali, ya rusuna, ya murɗa masa madubin.

"Rufe ido ɗaya, Baba. Ka ga jerin nan kamar tsakiyoyi?"

Tsohon ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Can ya ce, "Ikon Allah... Kai ne kake ƙirga mata waɗannan ƙananan abubuwa shekara shida?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ka taɓa ƙara ko ɗaya don ta ji daɗi ba?"

"Sau biyu na ce mata lissafinta ya kuskure. Sati guda ba ta gaishe ni ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Dakta ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba.

Baba ya dafa kafaɗar Dogo.

"Wanda zai iya gaya wa wannan 'yar tawa ta yi kuskure, ai ya isa miji. Ka turo manyanka."