Luguden Bara'atu

"Wallahi ba zan ɗaga taɓaryar nan ba!"

Bara'atu ta jingina taɓarya da turmi ta harɗe hannuwa. A tsakar gidansu da ke Toranke ake wannan. Darakta Tukur ne fa aka faɗa wa haka, mutumin da ko manyan jarumai ba sa zama sai ya zauna.

"Yarinya, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Kai ma ka san abin da ya taso ka tun daga Kano."

Da gaskiyarta. Duk ƙasar Gaya da Ajingi babu mai lugude kamarta. In ta cilla taɓarya sama, sai ta tafa sau uku kafin ta cafe, kiɗan turmin bai kauce ba. A wajen kakarta Dada ta koya. Garzali, mai ɗaukar hoton kamfanin, a wani biki a Kademi ya gan ta, tun ranar bai ƙara samun sukuni ba. Sau biyu mahaifinta Malam Barau yana korarsa, ya ce 'yarsa ba ta ɗan fim ba ce. Ko yau da ƙyar Dada ta sa ya bari a shigo ɗaukar fim ɗin tarihin da suke yi, yana zaune a bakin zaure fuska a murtuke.

Sai yanzu aka gaya mata hannuwanta kawai za a ɗauka. Fuska da suna na jaruma Zulfa ne, wadda ta daɗe tana harin Garzali, ita ce ma ta kawo shawarar.

Zulfa ta yatsina fuska.

"Daka ne fa kawai! Sai ka ce wani abin arziki."

"To ga taɓarya, Hajiya. Bismillah."

Zulfa ta karɓa don kar a ce ta kasa. Ta cilla, ta tafa sau ɗaya... taɓarya ta dawo ta daki bakin turmi, gero ya watse, kaji suka samu biki. Dada ta tuntsure da dariya har da riƙe ciki.

Darakta ya daka tsawa.

"Garzali! Ka lallashe ta mu yi aiki, ai taka ce."

Garzali ya matso, murya ƙasa ƙasa.

"Sanyin idona..."

"Ka sani?" Idonta ya cika da ƙwalla. "Ka san haka za a yi min?"

"Wallahi yanzu nake ji, rabin raina."

"Ina sonka, Garzali, son da ban taɓa yi wa kowa ba... amma ba zan ba wata abin da Dada ta ba ni ba. Ko a kanka!"

Ta faɗi hakan ne duk da ta san shekara bakwai ya yi yana bin Darakta kafin a damƙa masa kyamara.

Garzali ya juya a hankali.

"Ranka ya daɗe, ba zan ɗauki hannun wata in liƙa wa wata ba."

"In ka ajiye kyamarar nan, babu mai ƙara ɗaukarka aiki a Kano!"

"Na sani."

Ya ajiye ta a kan tabarma.

'Yan fim suka kwashe kayansu, Zulfa na tsaki, mota ta tashi ba Garzali. Ya tsaya a tsakar gidan mutane ba aiki ba abin hawa, Bara'atu na kuka a bayan Dada.

Malam Barau ya miƙe ya zura takalmi.

"Kai, ɗan fim."

"Na'am, Baba... ai yanzu ban da aikin."

"Na gani da idona. Ka iya riƙe fartanya?"

"Ban iya ba, Baba."

"Za ka koya. Zauna ka ci tuwo, ranar Juma'a ka turo min manyanka."

Dada ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.