Kuɗin Ƙwan Mama

Ƙarfe goma sha biyu da kwata na ranar Juma'a muka banka ƙofar bankin Halvern. Yayana Emil a gaba da bindigar harbin zomo, ni a bayansa da buhu. Abokinmu Orval yana waje cikin motar ɗaukar masara, bai kashe inji ba.

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Kowan nan duka mutum uku ne. Akwai Mista Gaskill, wanda gwamnati ta turo ya riƙe bankin bayan ya karye. Akwai tsohuwa Misis Pankratz, wadda kullum take zuwa tambayar kuɗinta. Sai kashiya, Kawu Merle, ƙanen mahaifiyarmu.

Tsohuwar ta ƙi kwanciya. Ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, kuma in kuɗi muka zo nema mun makara da wata huɗu, mu bi layi a bayanta. Saura kaɗan na yi dariya.

Ba kuɗi muka zo nema ba. Duk jihar Nebraska ta san ko ɓera ya daina shiga asusun bankin nan. Takarda muka zo ɗauka.

A shekarar 1932 masara ta faɗi har ta fi gawayi araha, ita muke zubawa a murhu. Da banki ya rufe, ajiyar mutane ta bi ruwa, amma bashin da banki yake bin mutane yana nan daram. Mu dala ɗari shida marigayi Baba ya ci a kan gonarmu, kuma an sa ranar gwanjonta Litinin mai zuwa. Mama ta daina cin abinci. A gonar nan ta haife mu, can aka binne Baba.

Kawu Merle ne ya zo da dabarar. Ranar Lahadi bayan coci ya ja mu bayan rumbu, ya ce takardun bashin garin duka suna cikin ƙunshi biyu a asusu, ɗakin ajiyar kuɗin banki. In babu takarda babu bashi, in babu bashi babu gwanjo. Ya ce Mista Gaskill ya bar shi a kan aikinsa, don haka zai tsaya a matsayin wanda aka yi wa fashi, ya miƙo mana ƙunshin da hannunsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada mu tsaya kwancewa. Mu wuce tsohuwar makarantar da ke bakin rafi, mu zuba kananzir, mu jefa a murhu.

Emil ya tambaye shi me zai ci a ciki. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba ɗana, 'yar'uwata ce fa za a fitar titi." Har da ƙwalla. Mutumin da ya koya mana kamun kifi, wa zai zarge shi?

To, ya yi wasansa da kyau. Ya ɗaga hannu, ya yi ta kyarma, ya shiga asusu ya fito da ƙunshi biyu a naɗe da takarda ruwan ƙasa, an ɗaure da igiya. Na buɗe buhu ya jefa. Mista Gaskill, yana kwance da tabarau a karkace, ya ɗago kai ya ga abin da aka jefa. Sai ya yunƙura.

"Ba waɗannan ba! Ku saurare ni, samari, waɗannan..."

Emil ya sa masa gindin bindiga a ƙeya. Ya kife.

Muka fita a guje. Orval ya taka mota, ƙura ta turnuƙe titi, kaji suka watse. Na cire tsumman fuskata ina haki. Emil yana dukan rufin mota yana ihu cewa gona ta tsira. Orval ya ce shi ma dala ɗari biyunsa sun mutu yau, Allah ya jiƙansu, kada a tashe su.

Abin da ya faru a baya, daga bakin Misis Pankratz na ji shi a kotu. Ta ce ƙurarmu ba ta kwanta ba Kawu Merle ya daina kyarma. Ya gyara wuyan riga, ya tsallake Mista Gaskill, ya murɗa wayar tarho ya nemi Tolliver, shugaban 'yan sandan gunduma. Ya ce masa mutum uku ne, suna da makamai, masu haɗari ne, kuma ya ji suna ambaton makarantar bakin rafi. Babu wanda ya ambaci makaranta a cikinmu. Amma ya dakata minti goma sha biyar cif kafin ya yi kiran, yana duba agogo. Ta ɗauka ruɗewa ce. Lokaci yake ba wa wuta.

Tolliver ya kwashi mutum biyar a mota biyu. Cikinsu har da waɗanda muka yi makarantar nan tare.

Mu kuwa mun isa. Orval ya zuba masara a murhu, ya tuttula kananzir, wuta ta kama da ƙarfi. Ƙunshin farko ya shiga, mai nauyi kamar bulo. Na biyu ya bi. Muka tsaya muna kallo kamar masu jiran gasasshen nama.

Sai igiyar na biyun ta tsinke. Takardar ta buɗe, abubuwan ciki suka zubo. Ba takardun bashi ba ne. Ƙananan littattafai ne masu shuɗin bango, fiye da ɗari.

Na san su. Kowane gida yana da ɗaya. Littafin ajiya ne, wanda kashiya yake rubuta abin da ka kawo. Al'adar garinmu ce a bar shi a banki ƙarshen shekara a daidaita lissafi, kuma mako ɗaya kafin banki ya rufe Kawu Merle ya bi gida-gida ya karɓe su. Na ga ɗaya da ɗaurin jan zare a gefe. Zaren Mama.

Na cusa hannu cikin wuta. Emil ya fizge ni, na fizge, na ciro shi. Bango kawai ya rage da sunanta. Cikin ya zama toka. Shekara goma sha tara tana tara kuɗin ƙwai da man shanu a littafin nan, ba ta taɓa gaya wa kowa jimillar ba.

Emil ya daɗe yana kallon bangon. A hankali ya ce, "Dewey, Kawu ya ci mu."

Ya ɗauki bindiga ya nufi ƙofa. Ba wajen 'yan sanda za shi ba, bai ma san sun iso ba. Gari zai koma, wajen Kawu. Na ji ƙarar birki, na ji Tolliver yana cewa a ajiye makami. Emil ya juya da bindiga a hannu.

Harbi uku. Ya faɗi a kan matakalar da muke zama cin abincin rana muna yara. Orval ya fasa taga ya yi rafi, aka kamo shi da ruwa har ƙugu. Ni ban gudu ba.

Mista Gaskill ya zo ya same ni a kurkuku, kansa a naɗe da bandeji. Bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya ce takardun bashi tun mako biyu suna kotun gunduma, ko hayaƙi bai taɓa su ba. Abin da muka ƙona shi ne babban littafin banki da littattafan ajiya. Ya ce dama ya fara gwada su da juna, ya ga ba sa haɗuwa, wani ya daɗe yana yankar kuɗin mutane da alƙalami. Mu muka share wa Kawu sawu.

Sannan ya ce a doka, in banki yana riƙe da ajiyarku kuma yana bin ku bashi, ana cire wannan daga wancan. Ya ga littafin Mama ranar Laraba, dala ɗari shida da arba'in. Ya rubuta mana wasiƙa mu zo a soke gwanjo, ya ba kashiya ya kai gidan waya, wasiƙar da ba ta taɓa iso mana ba. Yanzu kotu ba za ta karɓi abin da ido ya gani ba sai takarda.

Na samu shekara goma sha biyu, Orval takwas. Kawu Merle ya ba da shaida a kanmu cikin baƙar kwat, ya share hawaye sau biyu, bayan wata ɗaya ya koma California.

An yi gwanjon gonar ranar Litinin, kwana ɗaya bayan jana'izar Emil. Mama ta zo ziyara sau ɗaya tak. Ta kalli hannuna da ya ƙone, ta kalli bangon littafin da na miƙa mata ta tsakanin ƙarafa. Ta ce, "Ashe da kun zauna a gida, da canjin dala arba'in za a ba mu."