Yarinyar da Ba Ta Ƙoshi

A wani zamani an yi wata yarinya mai son zaƙi. Da safe alkaki, da rana nakiya, amma kullum kukanta ɗaya: "Kaka, yunwa nake ji."

Ranar kasuwar nesa, kakarta ta ce, "Jikata, hanya da tsawo. Mai kukan yunwa gida zai zauna."

Ta ajiye mata alkaki a hagu, kwaɗon zogale da gwanda a dama. Yarinya ta dubi alkaki, ta haɗiye yawu, ta jawo kwanon zogale ta cinye.

Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, har rana ta take.

Kaka ta ce, "Yunwa fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Cikina fal yake, Kaka. Ke kika gaji, kawo kayan in ɗaukar miki."