Harshen Goggo Ladiyo

Na'urar ta yi ƙara sau ɗaya a ƙarƙashin harshen Goggo Ladiyo, sai wutar da ke bakinta ta mutu. Shekara huɗu bakinta na zafi kamar ta kurɓi tafasasshen shayi, babu ƙurji, babu miki, likitoci su leƙa su ce lafiya ƙalau. Ƙanƙara take tsotsa tun safe har la'asar.

Sunan na'urar Raɓa. Ba ta fi ƙwayar gero ba, aikinta kuwa tare saƙon zafi a jijiyar harshe kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

"An gama, Goggo," in ji Dakta Nafi'u wanda ya ƙera ta, idonsa na kan allon da ke shawagi a iska.

"Ɗan nan, yaji nake dakawa. Zan ji barkono kuwa?"

"Ke da kika zo kina kuka da zafi, kuma shi kike nema?" Ya yi dariya.

A Sabuwar Daura injuna ke girki, amma yajin jego sai na Goggo. Shekara talatin ba ta taɓa awo ba, dangwala yatsa take yi ta lasa. A makon nan ta daka na wani suna. Ta lasa, shiru. Ta ƙara barkono, ta lasa, shiru. Sau biyar tana ƙarawa.

Ranar suna mata suka yi ta hawaye da majina, mai jego ta kwana uku ba ta iya haɗiyar komai sai ruwan sanyi. Goggo ta zauna jiran a daina sallama a ƙofarta.

Sai ga jiragen kamfanin Dakta marasa matuƙi sun sauka a unguwar, suna raba Raɓa kyauta ga duk wanda yajin ya ƙona. Kafin shekara ta zagayo, kowane baki a birnin ya samu. Wa zai tsaya fifita kunu? Har gasa ake yi, ana kwankwaɗar shayi yana tururi.

Ciniki ma ƙaruwa ya yi. Wata rana Goggo ta zuba jan launi a garin rogo, ta ƙulla wa Hajiya Tabawa, maƙwabciyarta, da sunan yaji.

Washegari Hajiya Tabawa ta dawo. "Goggo, wallahi hannunki bai tsufa ba! Alhaji har santi ya yi."

Goggo ta dube ta sama da ƙasa. Awaki ma sun san dusa da ƙasa.

Ta koma wurin Dakta. "Cire mini."

"Wutar za ta dawo fa."

"Na san ta, ta san ni. Cire."

Kafin ta kai gida harshenta ya kama. Ta tura ƙanƙara a kunci, ta jawo turmi, ta daka na gaske. Ta lasa, hawaye ya zubo. Citta ta yi kaɗan. Ta ƙara, ta sake lasa, ya yi daidai.

Ta ƙulla shi ta ajiye a gefe. Duk faɗin birnin babu wanda za ta ba ya ɗanɗana.