Rabin Kiɗan Dallatu

Ranar da abin ya fara, Hure tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan rumbuna. Kaka ce, an gama yankan gero, ƙauyukan yankin Zakirai kowanne biki yake yi. Awaki sun shigo da kansu sun nufi turke. 'Yarta Aina'u tana bakin murhu tana iza wuta.

A ɗakin zaure kuwa, ɗanta Basiru yana gwada kayansa. Basiru DJ ne, shi ake ɗauka kiɗan biki. Yana da manyan sifiku biyu da ɗan injin wuta da kwamfuta. Amma ransa duk yana kan wani ɗan baƙin abu mai igiya, girmansa bai wuce sabulun wanki ba, yana ce masa filas. Shekara shida yana tara waƙoƙi a ciki. Ko uwar da ta haife shi ba ta isa ta share inda yake ajiye shi ba.

Sai kiɗan ya tsaya cak. Gidan ya yi shiru, irin shirun da har kukan wuta ana ji. Can sai ga Basiru ya faɗo tsakar gida, ido jajur.

"Wa ya taɓa mini filas?"

"Yaya, ni me zan yi da shi?" in ji Aina'u.

"Ke ce mai shiga neman caja! Waƙoƙin amarya duk babu su. Sunayen sun koma kamar tonon kaza. Jibi ina da biki, da bakinki zan yi kiɗan?"

"Kai, rage murya, magariba ta kawo kai," in ji Hure. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Inna, kullum sai kin kare ta."

Ya juya ya koma, ya yi ta danne-danne. Waƙa ɗaya ce kawai ta yarda ta fito. Garaya ce, an ɗora mata gangar inji mai dukan ƙirji. Hannun Hure ya tsaya a kan rariya.

Ta san kiɗan nan. Na ubanta ne, Dallatu mai garaya, wanda ya yi wa 'yan bori kiɗa har ya mutu. Tun da aka kawo ta garin nan gidan mijinta marigayi Malam Hashimu, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. 'Ya'yanta ma manomi ta ce musu kakansu ne. Abin da ya rage mata na uban, wani tsohon kaset ne da ta naɗe a ɗankwali, a ƙasan akwatinta.

Kiɗan ya hau, ya hau, daidai inda ya kamata ya juya ya sauko, sai ya yanke ya koma farko. Ya sake hawa, ya sake yankewa.

A yankewa ta uku dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinta. Ta ɗaga kai. Na biyu ya faɗo, na uku ya faɗa cikin tukunyar miya. Babu yaro ko ɗaya a bayan katanga, duk sun tafi masallaci. Ta ɗauki dutsen da ya gangaro gabanta, ta yi saurin yar da shi. Zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro.

Washegari Basiru ya kai filas birni wajen masu gyara. Suka ce yana zare shi ba tare da ya sallame shi daga kwamfuta ba, ko kuma inji ne ya mutu yana cikin aiki. Suka ce abin da ya tafi ya tafi. Ya sayo sabo, ya bi abokan sana'arsa suka cika masa shi da waƙoƙi. Da azahar komai lafiya. Rana na yin ja sunayen suka fara rikiɗewa a gaban idonsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar gara tana cin zana. Kafin a kira salla, saura waƙa ɗaya. Waccan ce, alhali bai ma sa ta a sabon ba.

A wurin bikin ma haka aka yi. Amarya ta fito fili, ƙawaye sun kewaye ta, duk abin da ya danna garayar nan ce take fitowa. Dangin ango suka kashe masa inji, suka watso masa kaya waje, har wani ya ce da gangan yake yi.

Ya dawo da kaya a kan jaki, ya tarar da Aina'u zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafa, idonta a buɗe ba ya kallon kowa. Tana yin kiɗan da bakinta. Ta hau, ta hau, ta yanke, ta koma farko.

Hure ta tare shi a zaure, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ina ka samo kiɗan nan?"

"A akwatinki, bara, ina neman takardar gona." Ya dube ta a wulaƙance. "Na kai birni aka juyo mini. Na yanki wajen da ya fi daɗi na ɗora masa ganga. Shi ya ɗaga ni a garin nan, in ba ki sani ba."

"Ina kaset ɗin?"

"Zaren ya cukurkuɗe, na jefa shi a juji. A bayansa kuma na ga an rubuta Dallatu. Manomi, ko? Ashe jikokin ɗan bori ne mu, kika bar mu muna ɗaga kai a cikin mutane."

 Akwai abin da ta sani, ta haɗiye shi. Ubanta bai taɓa barin kiɗa a rabi ba. Ko tsirkiya ce ta tsinke, da baki yake ƙarasawa, gumi na zuba. Yakan ce kowane kiɗa biyu ne, farkonsa kira, ƙarshensa sallama. Tana yarinya ta ji wannan sallamar ta fi sau ɗari, tana nan a bakinta. Amma in ta buɗe baki, katangar gidan nan ta kara ce, gobe duk gari ya san 'yar waye matar Malam Hashimu. Sai ta ce wa ranta abin zai wuce.

Bai wuce ba. Kwana shida Aina'u ba ta ci ba, ruwa ma sai an ɗura mata ya dawo ta gefen baki. Muryarta ta dushe, leɓenta ya tsage, in ta yi tari sai a ga jini a zani. Kiɗan dai bai tsaya ba. Kullum da almuru duwatsu su yi ta sauka, kwano duk ya lotse. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu bi ta ƙofar. Matan da suke zuwa daka suka ɗauke turminsu. Basiru ya daina yi wa uwarsa magana, in zai wuce ta sai ya yi tsaki.

A kwana na bakwai aka je aka ɗauko Malam Uwais daga wani ƙauye arewa da su. Dattijo ne siriri, ba ya fara'a. Ya iso bayan la'asar, ya tsaya a tsakar gida ya dubi duwatsun da aka tara a gindin rumbu, ya dubi sifikun nan biyu a bakin zaure.

"Na waye waɗannan?"

"Nawa ne, Malam."

"Kai ne mai tara maza da mata har a kira salla ba ka ji ba. Shigo ka riƙe mata ƙafa."

Aka kwantar da Aina'u a tabarma. Hure ta riƙe kanta a cinya, kan nan ba nauyi kamar ƙwarya. Malam ya zauna daidai kunnenta ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Hasken ƙofa ya fara ja. Sai kiɗan ya tsaya a bakin yarinyar, karo na farko cikin kwana bakwai, ta juyo da ido. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya.

"Ya ishe ka, mai gemu. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ya fi ƙarfin bakinka."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Ita ce mai maƙogwaro mai kyau a gidan." Idon ya gangara kan Basiru. "Ga mai laifi nan, mai kunnen jaki. Ina zaune a gindin markena, shekara talatin ba wanda ya dame ni. Sai na ji kiɗana. In an kaɗa shi dole in tashi, ba ni da iko. Na zo, na tarar da 'yan mata suna karkaɗa jiki, ba mai ce mini sannu. Ina jiran a sallame ni, sai ya sake kira. Ina tsaye a gabansa yana kira! Biki nawa, kai? Shekara guda ina bin jakinka, ƙafata ta kumbura."

Basiru ya ce, "Ban sani ba, wallahi..."

"Rufe mini baki! Na shiga ɗan akwatin naka ina neman sauran kiɗana. Na buɗe waƙoƙinka ɗaya bayan ɗaya, duk shirme. Wadda na buɗe ban samu ba, in tauna ta in tofar."

"To kin rama," in ji Malam Uwais. "Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko ɗan tsako ba za a yanka miki ba."

"To a ba ni kunnensa ɗaya."

Malam ya ci gaba da karatu da ƙarfi. Jikin Aina'u ya banƙare, ta yi ƙara har ƙasa ta zubo daga azara. Jini ya ɓullo ta hancinta.

"Ƙona ni!" in ji muryar. "Ƙona ni mu tafi tare da ita. Ka ɗauka son zaman nan nake? Ƙofa aka rufe da ni a ciki. A ƙarasa mini kiɗana in tafi."

"Ba a kaɗa garaya a inda nake."

"Wa ya ce garaya? Ga mai shi nan ta riƙe mini kai, tana kuka kamar ta Allah. 'Yar Dallatu! Kwana bakwai kina kallon 'yarki tana bushewa, sallamata tana bakinki, kina tsoron matan gari."

 A bayan katangar kara Hure ta ji motsin zannuwa, maƙwabta ne suke saurare. Basiru ya ɗago ya dube ta, irin kallon da ba ta taɓa gani a idon ɗanta ba.

"Inna, kin sani?"

Malam Uwais ya dakatar da karatu. Sannan ya miƙe, ya ɗauki butarsa.

"Magariba ta yi, zan je in yi alwala. Rijiyarku da nisa, na gani." Ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Ke kuma da kike jikin yarinyar nan, in na dawo na same ki, ba sauran magana tsakanina da ke."

Ya fita. Hure ta goge hancin 'yarta da gefen mayafi.  Ta fara daga farko, da 'yar siririyar muryarta da ba ta taɓa ɗagawa a gidan nan ba. Ta hau, ta hau. Da ta zo wajen yankewar, jikin Aina'u ya ƙage. Hure ta rufe ido, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji da kyau, ta juya kiɗan ta sauko da shi a hankali, har ƙasa, inda ubanta yake dafe tsirkiya da tafin hannu.

"Haka Dallatu yake yi," in ji muryar, can nesa-nesa. "Na bar gidan nan. Amma kai mai kunnen jaki, mutum nawa ka tura wa?"

Aina'u ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."

Ranar ba dutsen da ya faɗo. Da safe Basiru ya sa filas ɗin biyu a turmi ya daka su da kansa, ya haƙa rami ya binne. Aina'u ta tashi, sai dai muryarta ba ta koma daidai ba. Matan gari kuwa suka sa wa Hure suna 'Yar Mai Garaya, wasu ko gaisuwarta ba sa amsawa. 

Tambayar da muryar nan ta yi masa a ƙarshe ce Basiru ya kasa amsawa. Ya tura wa abokan sana'a, su ma sun tura, kiɗan ya shiga wayoyi har ba a san iyaka ba.

Shi ya sa har yau, in Hure tana tankaɗe ta jiyo shi, ko daga wayar ɗan acaɓa mai wucewa, ko iska ta kwaso shi daga bikin wani ƙauye, takan ajiye rariya. Ta jira ya hau, ya hau, ya yanke. Sai ta karɓa daga nan, ta sauko da shi har ƙasa, ko a gaban waye.