Maganin da Shaokun Ya Hana

Ranar da Shaokun ya fara ganin Lanying, ƙwayar dafi ya zo saya a shagon magungunan mahaifinta a Kunming, ƙwayar nan mai kama da maɓalli da ake soyawa cikin yashi kafin a ba mutum. Ta tambaye shi wa zai kashe. Ya ce ɓeraye yake ba a ɗakin bincike, don su daina mantuwa. Daga ranar sunansa ya koma Mai-ɓera.

Mahaifinta, Baba Qiao, bai so shi ba. Ya ce wanda bai taɓa juya yashi a kasko ba ba zai gaji shagonsa ba, balle ya samu 'yarsa, ga ɗan amininsa nan yana jira. Lanying ta ce ba za ta auri ɗan aminin ba, ba kuma za ta auri Shaokun ba sai tsohon ya yarda da bakinsa.

Kafin tsohon ya sauko, mantuwa ta kama shi. Da farko sunayen ganye, daga baya hanyar gida.

Ta tura saƙo: "Mai-ɓera, ɗebo min kaɗan cikin abin da kuke ba ɓerayen. Yau Baba da sunan Mama ya kira ni."

Ya amsa: "Lanlan, daga dafi muka ciro shi, ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba. Kuma ba ya aikin komai shi kaɗai. Gefe yake maƙalewa a ƙwaƙwalwa, ya ƙara wa saƙon da jiki ke aikawa ƙarfi. In saƙon ya ƙare, ba abin da zai ƙara wa. Ba zan ba ki ba."

"Ashe ɓera ya fi ubana daraja."

Wata huɗu ba ta kula shi ba. Bai fasa zuwa ba. Kullum da safe yana yi wa tsohon wanka, ya yanke masa farce. Da ya tarar da ita tana auna ƙwayar don ta ba tsohon, ya kulle aljihun teburin da dafin yake ya tafi da mukullin. Duk mai jinya a gida ta san girman abin da ya yi wa Lanying. Ranar ta yi kuka a kafaɗarsa.

Tsohon ya manta ya taɓa ƙinsa, har yana ce masa ɗana. Maƙwabta suka ce yanzu ne lokacin neman yarda. Lanying ta ce wannan sata ce. Safiya ɗaya take jira da Baba zai farka da hankalinsa. Shekara biyu, safiyar ba ta zo ba. Daga ƙarshe ta haƙura, aka sa ranar aurensu.

Ranar biki suka durƙusa gabansa, ta miƙa masa shayi da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon jar rigarta.

"Yarinya, ina mahaifinki? Bai kyauta ba da ya bar ki yau."

"Ba shi da lafiya, Baba."

"To ni zan tsaya masa." Ya shanye shayin, ya ɗora hannunta a kan na Shaokun. "Ku tsufa tare. In ya warke, ki gaya masa na ga yaron, ba shi da laifi."