Rinin Gashin Tumakin Baffa

"Wata shida kenan, Raihana! Wata shida ina jiran tukunya!"

Fa'izu ne, saurayinta, tsaye a tsakar gidan su Raihana da ke Limawa, ya haɗe rai kamar wanda aka yi wa ƙwace. Raihana ba ta ɗago ba, tana durƙushe gaban murhu tana taɓa ruwan rini da bayan yatsa.

Ta sha yi masa bayani. Kafin mahaifinta, Baffa, ya rasu, ya aske tumakinsa masu dogon gashi ya cika buhu ɗaya, sannan aka sayar da garken. Innarta kuwa, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, buri ɗaya ya rage mata: ta kaɗa zaren mayafin auren 'yarta da hannunta, yadda aka yi mata. Ta ce ba za a sa rana ba sai zare ya hau mazari.

Rinin gashi kuwa ba rinin auduga ba ne, da ɓarna Raihana ta gano haka. Bawon albasa ya ba ta wani rawaya mai kama da ciwon shawara, lalle ya fito a koɗe. Sai da ta kusa cinye rabin buhun kafin karan dafi da ruwan tsamiya suka ba ta jan da Inna ta gani ta yi murmushi. Yau ta zuba duk abin da ya rage, wuta kaɗan-kaɗan, ba juyawa.

"Haba masoyi, yau fa za a gama..." ta ce a hankali.

Inna ta kira ta daga ɗaki, lokacin juya ta ya yi. Raihana ta roƙe shi ya sa ido kawai, kada ya taɓa.

Shi kuwa gwanin, jikan marina, ya leƙa ya ga ruwa ko motsi ba ya yi. Ya tuna kakansa da yadda yake yi wa zaren auduga. Ya ƙara itace, ya ɗebo kanwa a kicin ya watsa, ya ɗauki muciya ya shiga juyi da ƙarfinsa, har yana jin daɗin kansa.

Da ta fito, warin ne ya fara gaya mata. Ta tsamo abin da ke cikin tukunyar: curi guda, baƙi-baƙi, ya cakuɗe ya yi tauri kamar tsohon buzu. Ta ɗago ta dube shi.

"Me ka yi, Fa'izu?"

"Taimako na yi. Gashin tunkiya ne fa, Raihana... Gobe in shiga kasuwa in sayo miki mayafi goma."

Ɓarnar za ta iya yafewa. Wannan maganar ce ta kasa haɗiyewa.

Inna ta ce a kawo mata ta gani. Ta ɗora curin a cinya, ta yi ta jan gefensa da hannunta mai lafiya, tana neman ko sili ɗaya da zai biyo ta. Babu. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta juya fuskarta ga bango.

"Ba komai. Ku je a sa rana."

Fa'izu ya ji daga bakin ƙofa, fuskarsa ta washe. A nan Raihana ta tsane shi, tsana ta gaske, ita da take kasa cin abinci in bai kira ba.

Ta raka shi zaure, hawaye na zuba ba ta share ba. Yana ta lissafo mata gidan da ya kama musu a Kafin Hausa, da labulen da ya zaɓa.

"Ka ji ta ce a sa rana," ta katse shi. "Ba ka ji kukan da take yi ba. Kada ka turo kowa gidan nan."

"Raihana! A kan gashi?"

"A kan uwata."

Ta tura ƙyauren ta sa sakata, ta koma ɗaki ta kwanta a bayan Inna ta rungume ta.